Me ya kai majalisar Amurka cikin gwajin hasumiyar jirgi ta kyamara?

Tambaya: Malam, na ji cewa 'yan majalisar Amurka sun sa a doka wai a gwada tsarin da jami'in hasumiya zai riƙa ba jirage izinin sauka da tashi daga wani wuri can nesa, yana kallon filin ta kyamara. Me ya haɗa majalisa da gwajin na'ura? Kuma tunda an ce abin yana aiki a Turai, me ya hana su ɗauka kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, majalisa ta shigo ne domin a Amurka hukumar sufurin jiragen sama ta tarayya, FAA, ba ta kashe kuɗin gwamnati a kan abin da doka ba ta ambata ba, ƙananan filayen jirgi kuma ba su da ƙarfin sayen irin wannan kaya da aljihunsu. Sau biyu aka sa maganar a doka, a 2018 da kuma 2024. Abin da ya sa aka maimaita shi ne dokar farko ta ce a gwada, amma babu rubutaccen ma'aunin da za a duba a ce na'ura ta ci jarrabawa ko ta faɗi. Kafin a fahimci yadda hakan ta faru, sai an san abin da ake gwadawa.

Yawancin aikin kula da zirga-zirgar jirage tun da daɗewa daga nesa ake yin sa. Jami'in da ke bin jirgi a tsakiyar tafiyarsa yana zaune ne a ɗakin da ko taga babu, yana duba allon rada yana magana ta rediyo. Hasumiyar filin jirgi ce kaɗai aikinta ya rataya a kan idon mutum. Mai hasumiya shi ke tabbatar da cewa titin sauka babu kowa a kansa kafin ya ba da izini, shi ke jera ƙananan jiragen da ke zagaye filin suna jiran sauka, shi ke lura da motar da ta kusa ƙetare layin tsayawa, ko garken tsuntsaye, ko hayaƙi a jikin inji, ko jirgin da ya taho bai sauke tayoyinsa ba. Tsarin da kake tambaya a kai, tagar hasumiyar nan yake so ya maye gurbinta da kyamara da allo.

Ga yadda ake haɗa shi. A cikin filin ana kafa dogon ƙarfe irin na sabis ɗin waya, a ɗora masa kyamarori a jere da'ira, kowace tana kallon yankinta, hotunansu su haɗu su ba da zagaye cikakke na digiri 360. Ban da waɗannan tsayayyu, akwai guda ɗaya ko biyu masu juyawa da jawo abu kusa, su ne madadin madubin hangen nesa da mai hasumiya ke ɗauka daga kan tebur. A jikin mai juyawar ake ɗaura fitilar ishara, wadda ake haska wa jirgin da rediyonsa ya mutu: kore mai ɗorewa ga jirgin da ke sama na nufin ka sauka, ja mai ɗorewa na nufin ka ba da hanya ka ci gaba da zagaye, ja mai ƙiftawa kuma na nufin filin ba lafiya, kada ka sauka. Wasu tsare-tsaren suna ƙara kyamarar da ke ganin zafin jiki domin dare da hazo, da makirufo mai kawo ƙarar filin cikin ɗaki, saboda jami'ai sun saba jin injin jirgi ya ƙara wuta kafin ma su ɗaga kai. Duk wannan yana bi ta wayar fiba zuwa ɗakin aiki, inda aka jera alluna a gaban jami'in. A filin London City, misali, kyamarori 16 ne a kan ƙarfe mai tsawon mita 50, alluna 14 kuma suna cibiyar Swanwick, nisan fiye da kilomita 100 daga Landan, kuma tun 2021 daga can ake tafiyar da filin.

Akwai abin da allo ya fi taga. Ana iya rubuta lambar jirgi da tsayinsa a kusa da hotonsa, a nuna ƙarfin iska a bakin titi, a zana layin titi a kan hoton idan duhu ya rufe shi, a sa akwati ya bi duk abin da ke motsi. Ba sai an gina bene mai hawa da yawa da na'urar hawa da matakalar gudun gobara ba, kuma filin da jirage biyar ke sauka a wuni ba sai an nemo jami'an da za su yarda su tare a ƙauyen ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kaifin gani, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Ido mai lafiya yana iya rabe abubuwa biyu da tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Ke nan, in ana so allo ya yi daidai da ido, kowane digiri yana buƙatar ɗigon hoto 60, zagaye cikakke kuma 21,600. Kyamarar HD tana da ɗigo 1,920 a faɗi da 1,080 a tsaye. Ka ɗauki guda 14. In ka kwantar da su, ka samu 26,880, ya wuce abin da ake nema, sai dai abin da kowace za ta kama daga ƙasa zuwa sama bai wuce digiri 15 ba, jirgin da ke wucewa ta saman filin ya fita daga hoto. In ka tsayar da su don ka kama sama sosai, wajen digiri 45, sai faɗin ya koma 15,120, wato ɗigo 42 a kowane digiri, ƙasa da abin da ido ke bayarwa.

Yanzu ka kawo ƙaramin jirgin koyon tuƙi irin Cessna 172, wanda faɗin fukafukansa mita 11 ne, ka sa shi a nisan kilomita 5 yana fuskanto filin. Daga wannan bakin fiffike zuwa wancan ɗigo biyar ne kacal a kan allon. Fukafukan kuwa sirara ne in ana kallonsu ta gaba, kusan ba sa fitowa. Gangar jikin, mai faɗin kamar mita ɗaya, ba ta cika ko ɗigo guda ba. A gudun da irin wannan jirgi ke sauka da shi, kimanin minti biyu da rabi suka rage ya taɓa ƙasa. Farin jirgi a gaban farin gajimare, ɗigon nan sai ya narke. Sannan manhajar da ke matse bidiyo don ya wuce ta waya aikinta ke nan ta zubar da ƙananan bambance-bambancen da take ganin ba su da amfani, kuma jirgin da ke nesa yana daga cikin irin abin da take zubarwa. Shi ya sa ƙa'idojin gwaji suke raba mataki biyu: nisan da jami'i zai gane cewa akwai wani abu, da nisan da zai gane mene ne abin da kuma inda ya dosa. Komawa kyamarar 4K yana ƙara ɗigo ninki huɗu, amma yana ninka bayanan da waya za ta ɗauka, kuma ba ya amfani in allon bai kai haka ba ko kujerar jami'in ta yi nisa da shi.

Sai jinkiri. Ƙa'idar Turai ta ED-240, wadda ƙungiyar EUROCAE mai tsara ƙa'idojin na'urorin sufurin jiragen sama ta fara fitarwa a 2016, ta sa iyakar daƙiƙa ɗaya tsakanin faruwar abu a fili da bayyanarsa a allo. Daƙiƙa ɗaya kamar ba komai ba ce, amma babban jirgi a gudun sauka yana cin wajen mita 70 a cikinta.

Lalacewar da masu wannan aiki suka fi tsoro ba mutuwar allo ba ce. Allo in ya yi baƙi kowa ya gani, kuma akwai matakin da aka tanada. Wadda ta fi haɗari ita ce hoto ya daskare: titi ya ci gaba da bayyana fayau babu kowa, alhali mota ta hau kansa daƙiƙa goma da suka wuce. Filin da ba shi da yawan motsi, hoton da ya tsaya da wanda ke tafiya kamanninsu ɗaya. Saboda haka dole tsarin ya riƙa bibiyar kowane zubin hoto da hatimin lokacinsa, in ya makara ya yi ƙara, ya kuma rufe allon ko ya yi masa alama mai ƙarfi, kada ya bar tsohon hoto a gaban jami'i. Gwajin da bai haɗa da daskarar da hoto da gangan ba, don a ga ko tsarin zai kama, a auna kuma daƙiƙa nawa jami'in ya ɗauka kafin ya farga, bai cika gwaji ba.

Sauran matsalolin na yau da gobe ne. Rana in ta yi ƙasa da safe ko da yamma tana shiga idon kyamara ɗaya kai tsaye, hoton ya yi fari, na kusa da ita kuma ya yi duhu, jirgin da ya tsallaka daga wannan allo zuwa wancan sai ya ɓace a mahaɗa. Da dare fitilun titi suna kumbura a hoto su haɗiye abin da ke kusa da su, wasu fitilun LED kuma suna ƙiftawa a kyamara ko da ido na ganinsu tsaye. Ruwan sama, ƙanƙara, ƙura, kashin tsuntsu da yanar gizo duk suna taruwa a gilashi, shi ya sa ake sa kyamarorin cikin gida mai ɗumama kansa, wasu kuma ana hura musu iska mai ƙarfi a fuska. Iska tana kaɗa ƙarfen, kaɗawa kaɗan kuwa takan zama babbar rawa a hoton da aka jawo kusa. Wayar fiba tana bukatar hanya biyu, kuma hanya biyu na gaskiya, domin an sha samun layi biyu daga kamfanoni biyu ashe a rami ɗaya aka binne su, motar haƙa ɗaya ta tsinke su tare. Wuta ma haka: batir mai riƙewa nan take, janareta a bayansa, a filin da kuma a ɗakin aiki. In duk aka rasa, matakin ƙarshe rubutacce ne tun farko: a dakatar da tashi, a sallami jiragen da ke dab da sauka ta rediyo, a sanar cewa hasumiya ta rufe, filin ya koma yadda filaye marasa hasumiya ke aiki, matuƙa suna sanar da juna matsayinsu a kan layin rediyo guda.

Gwajin kansa hawa-hawa ne. Da farko ana auna na'ura ita kaɗai, da alamomin da aka san girmansu da jiragen da ake sa su bi hanyar da aka tsara, ana rubuta nisan da jami'i ya fara ganinsu. Daga nan a shiga abin da suke kira aikin inuwa: jami'an allo suna kallo suna rubuta abin da da za su faɗa, amma ba su taɓa rediyo, wata hasumiya ta gaske ko ta tafi-da-gidanka ce ke ba da umarni, sannan a kwatanta. Mataki na uku a juya, masu allo su karɓi rediyo, masu taga su zauna a shirye su ƙwace aiki da zarar sun ga abin da na allo bai gani ba. Sai an wuce nan a yanayi iri-iri, rani da damina, dare da rana, sannan a janye masu taga. Kowane mataki akwai kwamitin tantance haɗari da ke zama ya jera abin da zai iya lalacewa, ya auna yawan faruwarsa da munin sakamakonsa.

Yanzu ga dokar. Amurka tana da filayen jirgi na jama'a kusan 5,000, masu hasumiya kuwa ɗari biyar da wani abu ne. Kusan rabin waɗannan suna ƙarƙashin shirin hasumiyoyin kwangila da aka fara a 1982, inda kamfanoni masu zaman kansu ke kawo jami'ai, FAA ta biya. Filin da ke son shiga shirin sai ya nuna cewa amfanin hasumiyar, in an ƙiyasta shi da kuɗi, ya kai abin da za a kashe ko ya fi, kuma sai yana da ginin hasumiya da ya cika ƙa'ida. Ginin nan miliyoyin daloli ne, shi ne katangar da ƙananan garuruwa ke kasa tsallakewa. Daga nan matsin lambar ya fito: 'yan majalisar da ke wakiltar irin waɗannan garuruwa suna ganin kyamara a matsayin hanyar samun hasumiya ba tare da gini ba.

Dokar sabunta ikon FAA ta 2018, wadda Shugaba Trump ya sa wa hannu a watan Oktoba na shekarar, a sashe na 161 ta umarci hukumar ta kafa shirin gwaji domin ƙananan garuruwa da yankunan karkara. Ta tanadi filaye shida masu yanayi daban-daban, ciki har da waɗanda ba su da hasumiya ko kaɗan da kuma wanda ke cikin shirin kwangila, ta ce a zaunar da kwamitin tantance haɗari, ta kuma buɗe ƙofar amfani da asusun tarayya na raya filayen jirgi, wanda a ƙananan filaye yakan ɗauki kashi 90 na kuɗin aiki. A lura da wani abu a tsarin Amurka: irin wannan doka izini take bayarwa, kuɗin kansa sai an sake ware shi a dokar kasafi ta kowace shekara. Mutane da yawa sukan ji an ce doka ta wuce su ɗauka kuɗi ya fito, alhali ba haka ba ne.

Wurare biyu ne suka ɗauki nauyin gwajin a zahiri, kuma dukansu sun riga dokar farawa. Na farko filin Leesburg a jihar Virginia, kusa da babban filin Dulles da kuma sararin samaniyar Washington mai tsauraran dokoki. Kamfanin Saab na Swidin ya kafa na'urarsa a can, aka fara gwaji a 2015, daga 2018 jami'ai suka riƙa ba jirage umarni ta allo kullum. Shekara biyar ana haka, jirage dubun-dubata a kowace shekara, matuƙan wurin kuma sun gamsu. A 2021 FAA ta yarda cewa tsarin yana iya aikin. Duk da haka a watan Yunin 2023 aka kashe shi, aka kawo hasumiyar tafi-da-gidanka. Ba haɗari ne ya jawo ba. Yarda cewa abu yana aiki daban, amincewa da ƙirarsa daban. Na biyun yana neman takardun da ke nuna yadda aka rubuta manhajar tun daga tushe, yadda aka gwada kowane sashe nata, da hujjar cewa kuskurenta ba zai wuce iyakar da aka sa ba. Na'urar da aka ƙera shekaru kafin a rubuta waɗannan sharuɗɗa, haɗa mata irin wannan tarihi daga baya aiki ne mai cin kuɗi, kusan kamar sake ƙira. Saab ya janye daga neman amincewar, FAA kuma ta ce ba za ta bar na'urar da ba ta kan hanyar samun amincewa ta ci gaba da aiki ba.

Na biyu filin Arewacin Colorado, tsakanin Fort Collins da Loveland, inda jihar ta zuba kusan dala miliyan tara, kamfanin Searidge na Kanada ya kawo na'ura. Ƙirarsu ta ɗan bambanta: ban da ƙarfen tsakiya, an sa kyamarori kusa da bakunan titi biyu, an kuma haɗa da bayanan rada. Annobar korona ta ci musu lokaci, batun kaifin hoton da jami'ai ke gani ya zama abin ja-in-ja, a 2023 shi ma kamfanin ya bar aikin. Lokacin da wa'adin dokar 2018 ya ƙare, babu ko tsari ɗaya da FAA ta ba cikakkiyar amincewa.

A ganina laifin bai kamata a jibga shi duka a kan FAA ba, kuma bai kamata a wanke ta ba. Tana da gaskiya da ta ƙi sa hannu a kan manhajar da ba a nuna mata cikinta ba, domin shekara biyar babu haɗari ba hujja ba ce a sana'ar da ake auna kuskure da ɗaya cikin miliyoyi. Amma barin kamfanoni da garuruwa su kashe kuɗi shekara da shekaru, sharuɗɗan kuma suna fitowa a hankali ana tsakiyar aiki, wannan gazawa ce ta hukuma. Majalisa ita ma ta rubuta adadin filaye da irinsu dalla-dalla, ta bar babban abin, wato ranar da za a fitar da ma'aunin cin jarrabawa.

Batun Turai kuwa, gaskiya ne sun yi nisa. Swidin ce ta fara a watan Afrilun 2015, filin Örnsköldsvik ana kula da shi daga Sundsvall. Jamus ta mayar da filin Saarbrücken hannun cibiyar Leipzig a ƙarshen 2018, nisan fiye da kilomita 400. Norway ta gina cibiya a Bodø domin ƙananan filayenta na arewa, ta fara da tsibirin Røst a 2019. Sai dai aikin da kyamara ke yi a can ba irin wanda ake nema a Leesburg ba ne. Yawancin jiragen da ke zuwa waɗannan filaye na fasinja ne masu jadawali, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya a kan hanyar da aka sani, da na'urar da ke amsa wa rada, jami'in ya san inda zai duba tun kafin jirgin ya bayyana. Ko London City mai yawan zirga-zirga, rada ce ke jero masa jiragen a layi. Ƙaramin filin Amurka kuwa cike yake da 'yan koyo: jirage huɗu ko biyar suna zagaye a lokaci guda, suna taɓa titi suna sake tashi, wani ya shigo ta inda ba a zata ba, ga jirgin 'yan kasuwa mai ninkin gudunsu yana tahowa a baya. A nan ɗigo biyar ɗin nan na ɗazu su ne aikin gaba ɗaya.

Akwai kuma bambancin hanyar amincewa. A Turai hukumar da ke tafiyar da zirga-zirga, irin LFV ta Swidin ko DFS ta Jamus, ita ke da na'urar, ita ke kawo hujjar aminci a kan fili guda da irin jiragensa, wata hukuma daban ta duba ta sa hannu. FAA ta zaɓi ta amince da ƙirar na'ura sau ɗaya, ta sa ta a jerin kayan da kowane fili zai iya saye. Wannan ya fi wuya a farko, amma in an samu ya fi sauƙin yaɗuwa a ƙasa mai filaye dubbai. Saboda haka ne bayan abin da ya faru ta ce kamfanoni su daina kafawa a filayen garuruwa, su kawo na'urarsu cibiyar gwajinta ta William J. Hughes da ke Atlantic City a jihar New Jersey, a gama tantancewa a can tukuna.

Dokar 2024, wadda Shugaba Biden ya sa wa hannu a ranar 16 ga Mayu, a sashe na 621 ta nufi gurbin da ta farko ta bari. Ta ba FAA kwana 180 ta kafa shiri, ta kuma wallafa matakan da tsari zai bi har ya samu amincewar ƙira da ta aiki. Ta kuma ce a faɗaɗa tantancewar zuwa aƙalla filaye uku ban da cibiyar Atlantic City. Wannan sharaɗi na biyu yana da dalili mai ƙarfi: abin da ya ci jarrabawa a gaɓar tekun New Jersey bai tabbata zai ci a tsaunukan Colorado ba, inda jirgi ke tahowa da duwatsu masu duhu a bayansa maimakon sarari. Wannan dokar ta fi ta farko hankali, ko da yake majalisa tana iya sa wa hukuma ranar wallafa takarda, ba ta iya sa wa na'ura ranar da za ta yi daidai da ido.

Akwai rigimar da dokokin nan ba su warware ba, kuma ita ce inda ainihin ribar kuɗin take. Jami'i ɗaya a kan fili ɗaya ta allo yana rage kuɗin gini kawai, albashi yana nan, ga kuɗin waya da gyaran na'ura da sauya kyamarori da alluna duk bayan 'yan shekaru, alhali ginin siminti yana kai shekara arba'in. Ragin gaske yana zuwa ne in mutum ɗaya ya riƙe fili biyu ko uku. Riƙe su bi da bi, a rufe wannan a buɗe wancan, ba shi da gardama sosai. Riƙe su a lokaci guda shi ne ƙungiyar jami'an kula da zirga-zirgar jirage ta duniya, IFATCA, ta ƙi amincewa da shi, kuma dalilinta a fili yake: filaye biyu na iya samun titi mai lamba ɗaya, jirgi a nan ya nemi izinin sauka daidai lokacin da mota a can ta nemi izinin ƙetarawa, izinin da aka yi nufin wannan ya faɗa kunnen wancan. Duk wanda ya kawo maka lissafin arhar wannan tsari, ka tambaye shi jami'i nawa ya sa a kan fili nawa.

Ta fuskar dokar duniya hanya a buɗe take. Tun Nuwamban 2018 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta gyara kundin ƙa'idojinta na kula da zirga-zirga, ta yarda cewa mai hasumiya yana iya kallon fili ta taga ko ta na'urar gani, da sharaɗin hukumar da abin ya shafa a ƙasar ta amince da na'urar domin wannan aiki musamman. Sharaɗin ya hau kan kowace ƙasa da ke cikin ICAO, har da Nijeriya da Nijar. In wata rana aka kawo maganar filayenmu, takardar amincewa daga Swidin ko Amurka ba za ta wadatar ba, sai an maimaita aikin inuwa a cikin hazon hunturu, an auna kwana nawa ƙura ke ɗauka kafin ta dusashe gilashin kyamara, an kuma bi layukan fiba biyun da ƙafa an tabbatar ba rami ɗaya suka bi ba.